Wane Babur Ya Dace da Hanyoyinmu? Kwatanci da Shawara Kan Musayar Tsoho da Sabo

A ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, babur ya daɗe da zama ƙafar ma'aikaci. Da shi malami ke zuwa makarantar ƙauye, da shi ma'aikacin asibiti ke kai allurar rigakafi, da shi kuma mai bishara ke zagaya ƙananan ikilisiyoyi. Saboda haka tambayoyi biyu ba sa ƙarewa a tsakaninmu. Ɗalibai suna tambaya ko waɗannan manyan baburan da suke gani a hoto, masu gudu kamar iska, sun fi namu. Malamai da iyaye kuma suna tambaya ko lokaci ya yi da za su ba da tsohon babur su yi ciko su karɓi sabo. Za mu duba tambayoyin biyu tare, domin amsarsu ɗaya ce: hanyar da mutum ke bi kullum ita ce ke zaɓar masa babur, ita ce kuma ke gaya masa ranar da zai rabu da tsohon.

Yadda babur ya zauna da mu

Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a shekarar 1929, nan kuwa layin dogon da ya taso daga Zariya ta Gusau ya tsaya. Daga tasha zuwa ƙauyuka sai jaki da raƙumi da keke. Babur ya yawaita a hannun ma'aikata ne bayan ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a 1975. Dattawanmu suna tuna yadda malaman firamare suka sayi Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa a wannan lokaci. A 1979 kamfanin Honda ya kafa masana'antarsa a Ota, cikin Jihar Ogun ta yau.

Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, sabon babur na Japan ya fi ƙarfin albashin malami. Wannan giɓi ne baburan Sin irin su Jincheng suka cike, daga baya na Indiya, wato Bajaj Boxer da TVS, suka biyo. Samari da yawa suka shiga sana'ar kabu-kabu. A 2011 Honda ya fito da Ace CB125 domin ya yi takara da su a farashi. Waɗannan su ne baburan da idonmu ya saba da su a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis da kuma kan hanyar Zurmi zuwa Jibiya.

Manyan baburan doguwar tafiya

A Turai da Amurka da Japan akwai wani rukunin babura da aka ƙera domin su haɗa abu biyu: gudun babur ɗin tsere, da kuma jin daɗin zama na mai tafiyar yini guda. Suna da rufi a gaba mai kare mahayi daga iska, da babban tanki, da akwatuna a gefe biyu domin kaya. Kamfanin BMW na Jamus ne ya yi fice da irinsu a 1976, da ya fito da R100RS. Honda ya biyo da VFR750F a 1986 da ST1100 a 1990, Yamaha kuma ya fito da FJR1300 a 2001.

Kafin mu kwatanta su da namu, ya kamata ɗalibai su gane abin da lambobin nan ke nufi. Girman inji ana auna shi da si-si, wato yawan iska da man da silinda ke ɗauka a zuƙa ɗaya. Si-si 1,000 daidai yake da lita 1. Boxer na kabu-kabu yana da si-si wajen 100, Ace yana da 125. VFR800 yana da 782, FJR1300 kuwa yana da 1,298 a cikin silinda 4. Ke nan injin FJR ɗaya ya kai na Boxer 12 ko 13 a haɗe.

A junansu ma waɗannan manyan sun bambanta. VFR ya fi karkata wajen gudu da saurin shan kwana, mahayinsa yakan ɗan duƙa gaba, kuma sarƙa ce ke juya ƙafarsa ta baya. FJR da ST1100 sun fi karkata wajen jin daɗin zama da ɗaukar mutum biyu da kayansu, kuma maimakon sarƙa suna da sandar ƙarfe a rufe irin ta mota, wadda ba ta bukatar a riƙa ɗaure ta ana shafa mata mai. Mai son wasa da kwana zai zaɓi na farko, mai tafiya da iyali zai zaɓi na biyu. Dukansu kuwa an yi su ne domin kwalta mai santsi, mai tsawon ɗaruruwan kilomita.

Mu ɗora su a kan hanyarmu

Na farko, nauyi. FJR1300 cike da mai yana da nauyin kilo wajen 290, kusan buhun masara 3 ke nan. VFR800 yana da wajen 240. Ƙananan baburanmu ba su wuce kilo 125 ba. Duk wanda ya taɓa ratsa yashin gulbin Gagare da rani, ko taɓon fadama da damina, ya san sau nawa ake sauka a tura. Ƙaramin babur idan ya faɗi, mutum ɗaya zai tashe shi. Idan ruwa ya cika, mutum biyu za su ɗora shi a kwalekwale. Babba idan ya nutse a yashi, sai an nemo taimako daga ƙauye.

Na biyu, tsayin ciki daga ƙasa. Tsakanin cikin FJR da ƙasa santimita wajen 13 ne kawai, kuma rufin roba ya sauko har kusa da inji. A hanyar da ruwa ya zaizaye, ko wadda amalanken shanu ya yi wa kwari biyu, cikin zai riƙa bugun ƙasa, rufin ya fashe. Tayoyinsa masu faɗi ne marasa zurfin zane, suna kama kwalta sosai, amma a kan tsakuwa da laka santsi suke yi.

Na uku, shan mai. Ƙaramin babur mai lafiya yakan yi fiye da kilomita 40 da lita 1. Babba irin FJR yakan yi 16 ko 17. Daga Ƙaura zuwa Gusau da dawowa bai wuce kilomita 120 ba. Ƙarami zai sha lita 3, babba zai sha 7. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, wannan bambanci na lita 4 a tafiya ɗaya ya zama abin da mai albashi zai zauna ya lissafa.

Na huɗu, gyara. Ƙananan baburanmu suna aiki da kafireta, iska ce kuma ke sanyaya injinsu. Idan mai ya zo da datti ko ruwa, kamar yadda yakan faru da na kwalba a bakin hanya, bakanike zai kwance kafireta ya wanke cikin rabin sa'a. Manyan na zamani suna da famfon mai da ƙaramar kwamfuta mai auna yawan man da ke shiga inji, da lagireto mai ruwa. Idan ɗaya daga cikinsu ya tsaya, sai an sami mai na'urar bincike, kayan gyaran kuma sai an aika Kano ko Kaduna ko Legas, wani lokaci ma ƙasar waje. Fulogi da sarƙa da ringin Boxer kuwa, da wuya a rasa su a garin da ake cin kasuwa.

Wannan batu na gyara ba sabo ba ne ga masu ƙera babura. A 1974 Honda ya aika ma'aikatansa su ga yadda ake amfani da babur a ƙasashe masu tasowa. Suka tarar ana yi masa lodi fiye da kima, ba a juye baƙin mai a kan lokaci, ba a kai shi wurin bakanike sai ya tsaya. Maimakon su ce mutane su sake hali, sai suka ƙera CG125 a 1975, da inji mai sauƙi wanda zai jure wannan riƙo. Baburan Sin da yawa da muke hawa a kan wannan samfuri aka yi injinsu.

Ko masu doguwar tafiya ta gaske suna yin wannan lissafi. A 2022 wani ɗan Najeriya, Kunle Adeyanju, ya hau babur daga Landan zuwa Legas, tafiyar fiye da kilomita 12,000, domin tara kuɗin yaƙi da cutar shan-inna. Da yake ya san zai ratsa Sahara da hanyoyin Afirka ta Yamma, matsakaici ya ɗauka, Honda CB500X mai si-si 471, wanda ya fi manyan sauƙin nauyi da tsayin ciki.

Saura maganar gudu, wadda ita ce ke jan hankalin samari. Manyan baburan nan suna wuce kilomita 200 a awa. Dokar hanya ta ƙasarmu ta ƙayyade 50 a cikin gari. Ɗaliban kimiyya kuma sun san ƙa'idar: idan gudu ya ninka sau 2, nisan da birki ke bukata kafin a tsaya yakan ninka sau 4. A hanyar da akuya ko yaro ko rami ke iya fitowa ba sanarwa, ƙarfin da ba za a iya amfani da shi ba kaya ne kawai. Wurin waɗannan babura shi ne babban titi mai kyau da ayarin rakiyar manya. Ga wanda aikinsa ke tsakanin Ƙaura da ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, si-si 100 zuwa 150 ya wadatar.

Tsakanin ƙananan, wanne?

A nan ma akwai zaɓi. Tsofaffin Suzuki da Yamaha da Jincheng samfurin AX100 suna da inji mai bugu biyu. Irin wannan inji yana ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa yake fitar da shuɗin hayaƙi. Yana da saurin tashi da sauƙin kwancewa, amma yana shan mai, fulogi kuma yana yawan yin baƙi. Boxer da TVS da Ace suna da inji mai bugu huɗu: ya shaƙi iska da mai, ya matse su, wuta ta kama, ya fitar da hayaƙi. Baƙin mansa yana zaune a ƙasan inji, ana juye shi lokaci lokaci. Yana da tsimin fetur, ba ya hayaƙi idan yana da lafiya. Wanda har yanzu yake kan mai bugu biyu, kuma yake doguwar tafiya kowane mako, shi ne mutum na farko da musaya za ta amfana.

Daga nan sai a dubi aikin. Mai ɗaukar buhu ko mutum biyu yana bukatar doguwar kujera da kariya mai ƙarfi. Mai zirga-zirgar cikin gari, daga gida zuwa makaranta zuwa kasuwa, roba-roba ta ishe shi, mata ma sun fi jin daɗin hawanta saboda sutura. Kafin a tsai da shawara, a je wurin bakaniken unguwa a tambaye shi irin da ya fi iya gyarawa, da irin da kayansa ke shagon kusa.

Yaushe ake rabuwa da tsoho?

Tsufa kaɗai ba dalili ba ne. Akwai baburan da suka shekara 15 suna aiki saboda an riƙe su da kyau. Shawararmu ita ce mai babur ya sayi ƙaramin littafi ya riƙa rubuta duk abin da ya kashe wajen gyara har wata 6. Taya da sarƙa da birki da fulogi a ware su gefe, domin sabo ma zai ci su. Abin da za a duba shi ne gyaran inji da giya da wayoyin wuta. Idan an sake ringi da fistin amma bayan 'yan watanni hayaƙi ya dawo, ko baƙin mai yana raguwa ba tare da ɗiga ba, ko ƙarfen jikin ya tsage an yi masa walda fiye da sau ɗaya, to babur ya fara cin mai shi.

Akwai kuma lissafin da ba na kuɗi ba. Mun san halin da hanyoyinmu ke ciki saboda 'yan bindiga. Babur da zai mutu wa mutum a tsakiyar daji da la'asar sakaliya ya fi ƙarfin a kira shi matsalar gyara. Wanda aikinsa ke fitar da shi bayan gari ya kamata ya rabu da tsoho tun yana tashi da bugu ɗaya, lokacin da yake da sauran daraja. Wanda ba ya wuce cikin gari yana iya ci gaba da lallaɓa nasa, ya tara kuɗinsa. A tuna kuma cewa sabon babur mai sheƙi yana jan ido a wasu hanyoyin, don haka a nemi shawarar waɗanda suka san wurin.

Lissafin ciko

Hanyoyi biyu ne. Ko dai mutum ya sayar da tsohon da kansa ya ƙara kuɗi ya sayi sabo, ko ya kai wa mai sayar da babura ya karɓa ya yi masa ciko. Kakanninmu sun san wannan ciniki a kasuwar dabbobi, suna kiransa furfure. Ga misali irin na allo, ba farashin kasuwa ba ne.

A ce mai shago na farko ya ce sabon babur naira 1,300,000, zai karɓi tsohon a 400,000. Ciko 900,000 ke nan. Na biyu ya ce sabo 1,200,000, tsohon kuma 330,000. Ciko 870,000. Mai babur zai ji daɗin na farko domin ya yaba tsohon nasa, alhali na biyu ne ya rage masa 30,000. Darasin shi ne, a musaya adadi ɗaya ne ke da muhimmanci, wato cikon. Hanyar kare kai kuwa ita ce a fara tambayar kuɗin sabon kamar za a biya lakadan, a yi ciniki har a sallama, sa'an nan a fito da maganar tsohon.

A ce kuma ya kai tsohon kasuwa da kansa aka saya 400,000. Ya biya la'adar dillali 15,000, ya kashe 20,000 wajen ɗan gyara da wanki, ya kashe 10,000 a kabu-kabu cikin makonnin da ya zauna ba abin hawa. Abin da ya rage 355,000. Idan ya sayi sabon a 1,200,000, cikonsa 845,000 ne. Ya fi musayar da 25,000, amma ya biya da lokacinsa. Mai shago yana rage kuɗin tsoho ne domin shi ma zai gyara, ya ajiye, ya nemi riba. Mai gaggawa ya yi musaya, mai haƙuri ya sayar da kansa. Kowanne aka zaɓa, a ƙara kuɗin lamba da takardu da inshora da hular kwano a cikin lissafi tun farko, kada a ci bashin da zai cinye albashin wata da watanni.

Idan abin da za a karɓa na hannu ne, a je da bakaniken da aka amince da shi. A taɓa injin a tabbata da sanyinsa kafin a tayar, domin injin da aka riga aka ɗumama yakan ɓoye ciwonsa. A saurari ƙara, a dubi hayaƙi, a ja sarƙa a ga ko haƙoran da take hawa sun yi tsini. A tsaya ta baya a ga ko ƙafafun biyu suna kan layi ɗaya, domin karkacewa alamar tsohon haɗari ce. Sabon fenti a kan tsohon babur dalili ne na ƙara dubawa.

Takardu da shaidu

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi yi wa sakaci, kuma a yankinmu shi ya fi haɗari. A watan Mayu na 2019 rundunar sojan ƙasa ta hana hawan babur a dazuzzukan jihohi 7 na Arewa, har da Zamfara. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, ta taƙaita hawan babur da dare da sayar da fetur a jarka, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya na wani lokaci. Duk wannan ya faru ne domin babur shi ne abin hawan 'yan bindiga. Tun daga lokacin, babur marar takarda yana iya jefa mutumin kirki cikin tuhumar da ba ta da sauƙin fita.

Don haka mai saye ya karɓi rasit na asali, ya gwada lambar inji da lambar jiki da abin da ke rubuce, harafi da harafi. Idan an goge lamba ko an sake buga ta, ya bar cinikin kome araharsa. Mai sayarwa kuma ya san wanda yake miƙa wa. A rubuta takardar ciniki mai ɗauke da sunayen mutanen biyu, da lambobin babur, da kuɗin, da kwanan wata. Shaidu biyu su sa hannu, in da hali a gaban mai unguwa ko shugaban 'yan kasuwar babura, kowa ya riƙe kwafinsa. A je ofishin lasin a sauya sunan mai shi. Idan ba a yi haka ba, duk abin da aka aikata da babur ɗin bayan shekara 2, ƙofar mai shi na farko za a ƙwanƙwasa.

Mai sayarwa yana da wani nauyi kuma. Ya faɗi aibin babur ɗinsa. Zuba baƙin mai mai kauri domin a ɓoye ƙarar inji, ko shafe tsagewar ƙarfe da fenti, zamba ce, kuma wanda zai saya yawanci talaka ne da ya sayar da amfanin gonarsa ko ya ɗauki adashi domin ya fara kabu-kabu. A ƙaramin gari irin namu, gobe ma za a haɗu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ga ɗalibanmu

Wasunku za su mallaki babur nan da 'yan shekaru. Kada ku hau sai kun kai shekarun da doka ta yarda, kun kuma sami lasin. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairu, 2009. Binciken likitoci ya nuna hular kirki tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, ta rage mummunan rauni a kai da kusan kashi 70. Kuɗinta bai kai na taya biyu ba.

Idan ranar sayen ta zo, ku rubuta tambayoyi huɗu a takarda kafin ku shiga shago. Wace hanya zan riƙa bi? Wa zai gyara mini, a ina kuma zai sami kaya? Lita nawa zan iya saya a wata? Takardun sun cika? Babur da ya amsa waɗannan huɗu shi ne naku, ko da bai kai na hoton kyau ba. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.